Tambayoyi da Amsoshi: Binciken Kwantam, Tattalin Arziki da Manufofin Gwamnati, da Inda Suka Shafi Mutanen Zango

Tun da sunan Ghana ya fito a maganar Shekarar Kimiyyar Kwantam ta Duniya, ɗalibai da iyaye a unguwannin Accra irin su Nima, Maamobi, Madina da Sabon Zongo suke tambayar abin da masu bincike na jami'a ke yi a zahiri, da dalilin da ya sa ƙasa za ta kashe musu kuɗi. An tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa a nan, an kuma amsa kowace gwargwadon abin da take buƙata.

Me ya haɗa kimiyyar kwantam da tattalin arziki da manufofin gwamnati, har ake ambaton su tare?

A jami'a kowanne yana da sashensa da malamansa, kuma malamin fiziks yakan yi shekaru bai zauna ɗaki ɗaya da malamin tattalin arziki ba. Matsalolin ƙasa ne suke tilasta musu haɗuwa. A ɗauki maganar galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda ta mayar da kogin Pra da na Ankobra ruwan laka. Kafin a yanke kowace shawara sai an san yawan zaibar da ke cikin ruwan da kifin, na'urar da ke auna wannan kuwa da ƙa'idar kwantam take aiki: kowane sinadari yana da irin hasken da yake haɗiyewa, don haka idan aka haska samfurin aka ga hasken da ya ragu, an gane abin da ke ciki da yawansa.

Daga nan masanin tattalin arziki yake karɓa. Shi zai bincika abin da ke sa matashi ya bar gonar koko ya shiga rami, nawa yake samu a mako, nawa ake ƙara kashewa wajen tace ruwan famfo, kuma aljihun wa kuɗin ke fitowa a ƙarshe. Mai nazarin manufofi kuma ya duba wace doka ce za ta yi aiki, wa zai aiwatar da ita, da dalilin da ya sa hanin da gwamnati ta yi wa ƙananan masu haƙar zinariya a 2017 bai kawo ƙarshen ɓarnar ba. Idan aka rasa ɗaya daga cikin ukun, shawarar da za ta fito gurguwa ce.

Malam, a yi mana bayanin kwantam ɗin nan yadda wanda bai yi kimiyya ba zai gane.

Kimiyya ce ta ƙananan abubuwa ƙwarai, wato ƙwayar zarra da elektiron da ƙwayar haske. A 1900 wani Bajamushe mai suna Max Planck ya gano cewa lissafin hasken da abu mai zafi ke fitarwa ba ya daidaita sai an ɗauka cewa makamashi yana fita ne dunƙule-dunƙule. Man ja ana iya auna shi komai ƙanƙanta, amma ƙwai ɗaiɗai ake sayarwa, babu rabi. Makamashi a wannan matakin irin na ƙwan ne. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa shi kansa haske haka yake, sannan a 1925 Werner Heisenberg, da Erwin Schrödinger a 1926, suka fitar da lissafin da ake aiki da shi har yau.

Abubuwa uku ne suka fi ba mutane mamaki. Na farko, lissafin ba ya faɗin takamaiman wurin da za a sami elektiron, yana faɗin yiwuwar samun sa ne a kowane wuri. Na biyu, kafin a auna, ƙwaya takan kasance cikin haɗakar yanayi biyu ko fiye, awon ne yake fitar da ɗaya. Na uku, ƙwayoyi biyu suna iya sarƙewa da juna ta yadda sakamakon awon ɗaya yake da alaƙa da na ɗayar, ko da nisa ya raba su. Einstein da kansa bai gamsu da wannan na ukun ba, amma gwaje-gwajen John Clauser da Alain Aspect da Anton Zeilinger sun tabbatar da shi, aka ba su kyautar Nobel a 2022. Masana har yanzu suna muhawara a kan ma'anar waɗannan abubuwa, sai dai babu mai muhawara a kan ko lissafin yana aiki, domin an gwada shi fiye da kusan kowane lissafi a tarihin kimiyya, bai kuma gaza ba.

To, me wannan ya ƙara wa mai sana'a a kasuwar Nima?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai gyaran waya a Circle ya ga allon nan kore da ake ɗagowa da ɗan tsinken ƙarfe, da baƙaƙen ƙwayoyin da ke manne a jikinsa. A cikin kowace ƙwaya akwai tiransista, wato ƙananan makunnan lantarki, masu yawan gaske, a manyan ciki har biliyoyi, kuma tiransista, wadda aka ƙirƙira a Amurka a 1947, ba ta samu ba sai da aka fahimci yadda elektiron ke tafiya a cikin sinadarai irin su silikon. Fitilar da ke haska shagon, farantin sola da ke kan rufi, hasken leza da ke gudu a cikin wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu a babban asibiti, duk daga rijiya ɗaya aka ɗebo su. Hatta taswirar da direban tasi ke bi a wayarsa ta dogara ne da agogon zarra da ke cikin tauraron ɗan'adam, kuma tun 1967 ita kanta daƙiƙa da kaɗawar zarrar siziyam ake ayyana ta, sau 9,192,631,770.

Abin lura shi ne tazarar da ke tsakani. Daga lissafin Heisenberg zuwa tiransista shekara 22 ne, daga tiransista zuwa wayar da Hajiya ke karɓar kuɗin koko da ƙosai da ita kuma wasu gomman shekaru. Babu wanda ya hango wayar a cikin mutanen 1925.

Ghana tana da hannu a wannan ilimi, ko kallo kawai muke yi?

Tana da hannu, kuma ya kamata yaranmu su san haka. Farfesa Francis Allotey, haifaffen Saltpond a 1932, ya yi digirinsa na uku a Princeton a 1966, ya kuma fitar da bayanin yadda elektiron ke amsawa idan hasken eksire mai taushi ya ratsa ƙarfe, bayanin da har yau ake kiran sa da sunansa. Ya dawo gida ya koyar a jami'ar KNUST da ke Kumasi, ya zama ɗan Ghana na farko da ya kai matsayin cikakken farfesan lissafi a can, ya kafa sashen kwamfuta, ya shugabanci Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana, ya kuma yi tsayin daka wajen kawo cibiyar lissafi ta AIMS ƙasar nan a 2012. Ya rasu a 2017.

Ita hukumar nukiliyar an kafa ta ne a 1963, kuma a Nuwamban 1964 Kwame Nkrumah ya aza harsashin tukunyar nukiliya a Kwabenya. Juyin mulkin 1966 ya tsayar da aikin, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka samu ƙaramar tukunyar bincike mai ƙarfin kilowat 30 daga ƙasar Sin, wadda ake auna samfurin ƙasa da duwatsu da abinci da ita. Shekara kusan talatin ke nan da ƙasar ta yi asara saboda sauyin gwamnati, kuma wannan kaɗai darasi ne babba a kan yadda siyasa ke iya raya bincike ko ta kashe shi.

A baya-bayan nan, Ghana ce ta gabatar da ƙudurin da ya sa Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, a ranar 7 ga Yunin 2024, ya ayyana 2025 a matsayin Shekarar Kimiyya da Fasahar Kwantam ta Duniya, bayan Meziko ta jagoranci maganar a hukumar UNESCO. Abin alfahari ne, amma gabatar da ƙuduri bai kai gina ɗakin gwaji wahala ba, kuma a nan ne za a gane ko da gaske muke.

Ƙasar da ta kasa biyan bashi, ta koma wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ya dace ta kashe kuɗi a kan irin wannan bincike?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma mai yin ta yana da hujja. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, gwamnati ta sauya sharuɗɗan bashin da ta ci a cikin gida har ya taɓa 'yan fansho, sannan a Mayun 2023 aka amince mata da rancen dala biliyan 3. Wanda ya ga kuɗin buhun shinkafa ya ninka a gabansa ba zai ji daɗin labarin elektiron ba.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa ilimin tushe yana da wata ɗabi'a: idan aka gano shi kowa yana iya amfana, wanda ya biya kuɗin binciken kuma ba ya iya hana wasu ci. Saboda haka ɗan kasuwa ba ya zuba jarinsa a ciki yadda ya kamata, sai gwamnati ta ɗauki nauyin. Wani zai ce, tunda haka ne, mu bar ƙasashe masu kuɗi su yi, mu kuma mu kwasa a banza. Matsalar ita ce ba a kwasar ilimi sai da mutanen da suka iya karanta shi. Ƙasar da ba ta da masananta, idan ɗan kwangila ya zo mata da na'ura ko da rahoto, ba ta da mai buɗewa ya ce wannan gaskiya ne, wannan kuma ƙari ne. Za ta sayi amsar wasu a farashin da suka yanka mata. Cibiyar binciken koko ta Tafo, wadda aka kafa a 1938 lokacin da cutar kumburin reshe ke cinye gonaki, misali ne na abin da masana na gida ke tsare wa ƙasa.

Ra'ayina shi ne Ghana ba ta da dalilin shiga tseren ƙera kwamfutar kwantam. Irin waɗanda Google da IBM ke ƙerawa sai an sanyaya su zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifiri, da wutar da ba ta ƙiftawa, mu kuwa mun san dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Inda kuɗinmu zai yi tasiri shi ne horar da mutane, gyara ɗakunan gwaji na awo, nazarin kayan sola da batir, da tsaron bayanai.  Ƙasashen Afirka sun yi alƙawarin ware kashi 1 cikin ɗari na arzikin da suke samarwa a shekara domin bincike, Ghana ba ta kai wannan ba, kuma mafi yawan abin da ake warewa albashi ne yake cinyewa. An yi dokar Asusun Bincike na Ƙasa a 2020. Abin da ya rage wa 'yan ƙasa shi ne su riƙa tambayar wakilansu nawa aka zuba a ciki kowace shekara, kuma wa aka bai wa.

An ce kwamfutar kwantam za ta iya buɗe kowane asusu. Kuɗinmu na cikin waya yana cikin haɗari?

A yau, a'a. Tushen maganar shi ne yawancin makullan da ke tsare saƙonnin banki sun dogara da wani lissafi mai sauƙin yi amma mai wuyar warwarewa: ninka manyan lambobi biyu abu ne na ƙiftawar ido, gano su daga sakamakon kuwa zai ɗauki kwamfutar yau shekarun da ba su ƙirguwa. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantam mai isasshen girma za ta iya warware shi da sauri. Irin wannan kwamfutar ba ta samu ba tukuna, domin waɗanda ake da su ƙanana ne kuma suna yawan kuskure. Duk da haka akwai fargabar cewa wasu suna tara rufaffun bayanai yanzu domin su buɗe su nan gaba, shi ya sa a Agustan 2024 hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar da sababbin makullai uku da aka tsara domin su jure wa wannan hari. Sauya makullan bankuna da na katin ɗan ƙasa aiki ne na shekaru, kuma hukumominmu ne ya kamata su fara shiri, da masana na gida da suka fahimci abin.

Wanda ke kwashe kuɗin mutane a unguwanninmu a halin yanzu shi ne mai kiran waya da ke cewa ya turo kuɗi bisa kuskure, ko ya ce daga ofis yake, a karanto masa lambar sirri. Kada a ba kowa ita.

Akwai wuraren da ake sa mutum ya riƙe wani ƙarfe, na'urar "kwantam" ta lissafo masa cututtukansa cikin minti biyu. Gaskiya ne?

Babu hujjar kimiyya da ta nuna cewa irin wannan na'ura tana gano cuta. Suna kawai aka ara domin a ja hankalin mai saye, kuma galibi takardar da take fitarwa tana ƙarewa ne da jerin magungunan da mai wurin ke sayarwa. Mai son sanin lafiyar hantarsa ko sukarin jininsa ya je asibiti a ɗebi jini a auna.

Shi ilimin tattalin arziki kimiyya ce kamar fiziks? Me ya sa masanansa ba sa iya faɗin inda dala za ta kai?

Akwai tsohuwar dangantaka tsakaninsu. Jan Tinbergen, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka fara karɓar kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1969, fiziks ya karanta, kuma lissafin da Louis Bachelier ya yi wa farashin kasuwar hannun jari ta Paris a 1900 ɗan'uwan wanda Einstein ya yi wa motsin ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa ne bayan shekara biyar. Amma akwai bambanci mai girma. Elektiron ba ya jin labarai, ba ya kuma canza hali don ya ji an kafa masa doka; mutum kuwa yana ji, yana lissafi, yana kaucewa. Masanin tattalin arziki Robert Lucas ya yi wannan gargaɗi a 1976, cewa ƙididdigar da aka gina a kan halin mutane na jiya tana iya rushewa da zarar an sauya manufa, domin mutanen ma za su sauya.

Mun ga haka da idonmu. Lokacin da aka fara cire harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi ta waya a Mayun 2022, mutane da yawa sun koma tsabar kuɗi, wasu suka riƙa zuwa wurin wakili su sa kuɗin kai tsaye a lambar wanda za su biya. Abin da aka tara ya gaza hasashen gwamnati nesa ba kusa ba, aka rage harajin zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a 2025. Farashin dala ma haka yake: da wani zai san tabbas inda zai kai gobe, da 'yan canjin Tudu sun kai shi can tun yau. Wannan bai sa ilimin ya zama na banza ba. Yana iya faɗin abin da ke biyo bayan buga kuɗi ba da lissafi ba, ko cin bashin dala ga ƙasar da ke samun kuɗinta da sidi, kuma a waɗannan bai cika kuskure ba.

Akwai binciken da ya taɓa canza wani abu a ƙasar nan, ko a ɗakin karatu yake ƙarewa?

Akwai, kuma mafi kyawun misalinsa daga arewa ya fito. A Navrongo, a farkon shekarun 1990, an gwada ba ƙananan yara sinadarin bitamin A, aka ga mutuwarsu ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A can kuma aka gwada gidan sauro mai magani ƙarƙashin jagorancin Fred Binka, mutuwar yara ta ragu da kashi 17 cikin ɗari, sakamakon da ya shiga cikin hujjojin da suka sa ake raba gidan sauro a faɗin Afirka. Har ila yau a Navrongo aka gwada zaunar da ma'aikaciyar jinya a cikin ƙauye maimakon jiran marar lafiya a asibiti, abin da ya zama tsarin CHPS na ƙasa baki ɗaya daga 1999.

A fannin noma, Robert Osei da Isaac Osei-Akoto na ISSER, cibiyar binciken ƙididdiga da tattalin arziki ta Jami'ar Ghana da ke Legon, tare da Dean Karlan da Christopher Udry, sun ba wasu manoman arewa tsabar kuɗi, wasu kuma inshorar ƙarancin ruwan sama. Waɗanda suka samu inshorar ne suka fi faɗaɗa noma da ƙara kashe kuɗi a gona, abin da ya nuna cewa tsoron asara yana ɗaure manomi fiye da yadda aka zata.

A fannin ilimi kuma, tun 2008 Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka ɗauki ɗalibai 2,064 da suka ci jarrabawar shiga babbar sakandare amma rashin kuɗi ya hana su, aka yi ƙuri'a aka biya wa 682 kuɗin makaranta, aka bi rayuwarsu duka shekara da shekaru. Ƙuri'ar ce sirrin aikin, domin ita ta sa rukunin biyu suka zama iri ɗaya a komai in ban da tallafin. An ga waɗanda aka biya wa sun fi kammala karatu, 'yan matan cikinsu sun fi jinkirta haihuwa sun kuma fi shiga manyan makarantu, amma samun aikin albashi bai zo wa kowa ba. Duk mai muhawara a kan sakandare kyauta, wadda aka fara a Satumban 2017, ya kamata ya san ɓangarorin nan biyu, na daɗi da na ɗaci.

In haka ne, me ya sa gwamnatoci ba sa bin shawarar masana?

Agogonsu ba ɗaya ba ne. Mai bincike yana buƙatar shekara biyar ko goma, ɗan siyasa kuma yana da huɗu, biyu daga ciki na yaƙin neman zaɓe. Rikicin tsoho ne: masanin tattalin arziki Arthur Lewis, wanda daga baya ya karɓi kyautar Nobel a 1979, ya zo ya zama mai ba Nkrumah shawara a 1957, ya bar aikin a ƙarshen 1958 bayan sun saɓa a kan ayyukan da yake ganin ba za su mayar da kuɗinsu ba. Sai dai adalci ne a ce masana ma suna da nasu laifin. Da yawa suna rubutu ne domin mujallun ƙasashen waje, da harshen da ko minista ba zai iya karantawa ba, kuma sau da yawa mai ba da kuɗin binciken daga waje ne yake zaɓen tambayar da za a bincika.

Akwai kuma raunin alƙaluma. A 2010 Hukumar Ƙididdiga ta sabunta ma'aunin arzikin ƙasa daga na 1993 zuwa na 2006, sai aka wayi gari arzikin ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari a takarda, Ghana ta shiga sahun ƙasashe masu matsakaicin samu. Harkokin sadarwa da sauran ayyukan hidima sun daɗe suna girma ba tare da tsohon ma'aunin ya kama su ba. Shekaru ke nan ana tsara kasafi a kan hoton da bai cika ba.

Masu bincike suna yawan zuwa gidajenmu da tambayoyi. Mu amsa musu?

A amsa, amma da ido buɗe. Kowa a Nima ya san yadda abin ke kasancewa: matashi ya yi sallama da na'ura a hannu, a shimfiɗa masa benci a tsakar gida, ya riƙa karanta tambaya da Turanci yana juya ta zuwa Hausa ko Twi nan take. Ya tambayi mutum nawa ne a iyali, a gidan da ke da ɗaki goma sha biyu, mita ɗaya, da yaran da ke cin abinci a tukunya uku. Ya tambayi Hajiya ko tana ajiya a banki, ta ce a'a, ya rubuta ba ta da ajiya, alhali kullum da yamma mai karɓar adashi yana zuwa ya yi alama a katinta. Daga irin wannan amsa ake gina rahoto, daga rahoton kuma ake yanke inda za a kai makaranta da asibiti da rance. Ƙin amsawa yana sa unguwa ta ɓace daga lissafi, amsa ta ƙarya domin fatan tallafi kuma tana ɓata shi.

Mai amsawa yana da haƙƙi. Ya tambayi wace jami'a ko hukuma ce ta aiko, a nuna masa katin shaida, a faɗa masa abin da za a yi da bayanan, kuma yana iya ƙin amsa kowace tambaya ko ya tsaya a tsakiya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012 tana bayansa. Shugabannin unguwa kuma su riƙa sharɗanta cewa a dawo a faɗa wa jama'a abin da aka gano.

Aikin Polly Hill, wata mai bincike 'yar Birtaniya, ya nuna abin da zama da mutane ke haifarwa. Ta yi shekaru tana bin manoman koko na kudancin Ghana gona-gona, ta nuna cewa 'yan kasuwa ne masu tara jari da sayen filaye, saɓanin yadda masana na lokacin suka ɗauke su, daga baya kuma ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta yi nazarin tattalin arzikin ƙauyen Hausawa. Abin da ke damuna shi ne an daɗe ana ƙirga mutanen zango, amma kaɗan ne daga cikinmu suke zaune a teburin da ake tsara tambayoyin. Wanda ya tashi a gidan haya na Maamobi ba zai rubuta cewa Hajiya ba ta da ajiya ba.

Wannan karatu ba ya taɓa imanin yaro?

Fiziks yana bayanin yadda abubuwa ke gudana da yadda za a auna su, ba shi da ma'aunin da zai hau kan abin da ya shafi gaibu. Duk wanda ya ce kwantam ya tabbatar da wata aƙida ko ya rushe ta, ya ɗora wa lissafin kayan da ba nasa ba. Ibn al-Haisam, wanda ya yi nazarin haske ta hanyar gwaji a Alƙahira kusan shekara dubu da suka wuce, da Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu a kan lissafi ya rasu a Alƙahira a 1741, ba su ga saɓani tsakanin karatun nan da addininsu ba. Yaro yana iya zuwa makarantar allo da yamma ya kuma riƙe littafin fiziks da dare.

Malam, 'yata tana son wannan hanya. Ta ina za ta fara?

Alhaji, ta fara da lissafi, domin shi ne ƙofar fannonin uku. A babbar sakandare ta ɗauki ajin kimiyya in fiziks take so, in kuma tattalin arziki ne ta tabbata ta haɗa da lissafin zaɓi, saboda ɗalibai da yawa suna isa jami'a su tarar cewa tattalin arzikin digiri na biyu kusan rabinsa lissafi ne da ƙididdiga. Bayan jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE akwai sassan fiziks da lissafi a Legon, KNUST da Cape Coast, inda ake da cibiyar nazarin hasken leza. Domin digiri na biyu akwai makarantar kimiyyar nukiliya da ke Kwabenya, akwai AIMS mai ɗaukar nauyin ɗalibanta, akwai kuma cibiyar fiziks ta Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, mai shirin difloma na shekara guda ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Mai sha'awar tattalin arziki da manufofi ta riƙa karanta rahoton shekara-shekara na ISSER a kan tattalin arzikin Ghana da sanarwar farashi da Hukumar Ƙididdiga ke fitarwa kowane wata.

Ta koyi rubuta manhaja da Python tun da wuri, domin masanin fiziks da na tattalin arziki duk da shi suke aiki, kuma tun 2016 kamfanin IBM ya buɗe wasu ƙananan kwamfutocinsa na kwantam ga mai son gwadawa ta intanet. Ku kuma a gida ku sani cewa hanyar doguwa ce, daga shiga jami'a zuwa digiri na uku takan kai shekara goma, kuma albashin malamin jami'a bai kai ribar babban ɗan kasuwa ba. Sai dai wadda ta ƙware a lissafi da ƙididdiga tana da wurin aiki a banki, kamfanin sadarwa, Hukumar Ƙididdiga ko asibiti, ko da ta tsaya a digiri na farko. Abin da za ta fi buƙata daga gare ku shi ne wurin karatu mai fitila, sauƙin aikin gida a lokacin jarrabawa, da alƙawarin cewa maganar aure idan ta zo za a sa ci gaban karatunta cikin sharuɗɗa tun ranar tambaya.